Dare biyu a gefen gadon Abba

Ranar da na haifi Abba, ungozomar ba ta miƙo min shi nan take ba. Na ji kukansa, na ji an ce namiji ne, sai ɗakin ya yi tsit, irin shirun da mace ke ganewa ko idonta a rufe yake. Da aka naɗe shi a zane aka ɗora min a ƙirji, na ga leɓensa na sama a tsage ta gefen hagu, tsagar ta haura har cikin hanci. Da ya wangale baki yana kuka, na hango saman bakin ma a buɗe yake, ganɗar ta rabu biyu har can baya wajen beli. Haihuwata ta uku ke nan. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na ce alhamdulillahi, duk a numfashi ɗaya.

Ni malamar firamare ce, maigidana tela ne, muna zaune a wani gari yamma da Kano. Sunan mahaifina aka sa wa yaron, shi ya sa muke ce masa Abba. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan, wata mata ce da muka haɗu a layin rigakafi kwanakin baya. Tana riƙe da jaririya mai irin lalurar ɗana, ta lulluɓe ta da mayafi cikin zafin rana don kada a gani. Da muka ɗan saba, ta ce ta ji ana yin aikin kyauta, amma an gaya mata allurar barcin da ake yi wa yara ita ke kashe su, waɗanda suka tsira kuma su tashi 'yan ƙwaya. Na tsaya ina kallonta. Maganar da na taɓa yi ce da bakina, kusan babu abin da ta canza.

Kwanakin barka ba zan daɗe a kansu ba. An ce na fita da almuru ina da ciki, an ce baki ne, an ce iska ce. Wata ta leƙa fuskarsa ta mayar da zanen da sauri kamar ta taɓa wuta. Wanda ya fara yi min magana mai amfani wanzamin gidanmu ne. Ya zo aski da cire beli kamar yadda aka saba, ya buɗe bakin yaron ya duba, ya mayar da kayansa cikin zabira, ya ce da surukata, "Hajiya, gashi kawai zan sauke. Wannan bakin aikin likita ne, kada ku bar kowa ya sa masa ƙarfe." Allah ya saka masa da alheri.

Ciyarwa ce ta fi ba ni wahala. Yaron da saman bakinsa ke buɗe ba ya iya zuƙa, domin iskar da zai ja nono da ita tana sulalewa ta hanci. Yana kama nono, ya yi ta fama, ya gaji, ya yi barci da yunwa. Ɗan abin da ya samu kuma rabi ta hanci yake dawowa. Wata nas ta koya min in riƙa tatsa a kofi mai tsabta, in zaunar da shi kusan a tsaye, in ba shi da ƙaramin cokali kaɗan-kaɗan, in riƙa tsayawa yana gyatsa. Ciyarwa ɗaya takan ci kusan awa guda, kafin in wanke kofin lokacin wata ya yi. Haka muka yi wata uku, dare da rana, ni da Ummata da ta tare a ɗakina.

A babban asibitin da aka tura mu a birni aka yi mana bayanin da ya sauke min wani nauyi. Likitan ya ce leɓen jariri yana haɗewa ne tun cikin makonni bakwai na farkon ciki, saman baki kuma zuwa wajen mako na 12, wato sau da yawa kafin mace ta gama tabbatar da tana da juna biyu. Ya ce a duniya kusan jariri ɗaya cikin 700 ake haifa haka, kuma fita da almuru ba ta cikin lissafin. Ya ce aiki biyu za a fara yi: leɓe tun yana jariri, saman baki kuma idan ya kai wajen shekara guda, kafin ya fara magana sosai. Kuɗin aikin wata ƙungiya ce mai suna Smile Train, mai hedikwata a Amurka, take biya a asibitoci da dama a Najeriya. Sai ya lissafa sharuɗɗan aikin farko: yaro ya haura mako 10, nauyinsa ya kai kamar kilo 4 da rabi zuwa 5, awon jininsa ya kai 10, kuma babu mura ko zazzaɓi.

Maigidana ya yi ta godiya. Ni kuwa kalma ɗaya ce ta tsaya min a rai, barci. Za a sa shi barci.

Dole in koma baya kaɗan. Ina da ƙane, wanda yake bi min, uwa ɗaya uba ɗaya. Yaro ne mai kunya, yana sayar da kayan waya a kasuwa. Ba mu san lokacin da ya fara shan kodin ba, sai dai mu ga kullum da robar lemo a hannunsa, idonsa a lumshe, magana a hankali. A 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC da ya girgiza mutane, gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Muka yi murna, muka ce an huta. Kwalba ta yi tsada, shi kuma ya koma taramol. Wani dare na je gida kwana, Umma ta tashe ni ta ce in zo in ji irin munsharin da yake yi a zaure. Na haska fitila. Leɓensa ya yi duhu, ya ja numfashi ɗaya, sai shiru. Na tsuguna ina ƙirga shirun, ɗaya, biyu, uku, har wajen goma sha biyar kafin ya sake ja. A mota ma ƙirgar nake yi har muka isa asibiti. Ya rayu. Ya yi watanni a wajen gyaran hali, ya faɗi, ya tashi, yanzu alhamdulillahi ya koma sana'arsa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Amma tun daga daren nan, duk maganin da aka ce yana kashe ciwo yana sa barci, ni zauren gidanmu nake gani.

Sau biyu aka ɗage aikin leɓen. Na farko nauyi bai kai ba. Na biyu mun zo cikin hunturu da kayanmu, an ba mu gado, sai aka ji ƙirjinsa na ƙara saboda mura. Na yi kuka a bakin ƙofar asibitin, ga kuɗin mota, ga hutun da na ɗauka a makaranta. Daga baya na gane dalilin: yaro mai mura, maƙogwaronsa yakan iya shaƙewa idan aka sa masa bututun numfashi ko aka cire. Sai da ya kai wata biyar muka samu rana.

Da yamma, ana gobe aiki, wata likita ta shigo ɗakin da muke kwance. Ba ita ce mai ɗinkin ba. Ta ce ita ce mai sa barci da tsaron numfashi, tun daga shigarsa ɗakin tiyata har ya farka. Ta sa abin sauraro a ƙirjinsa, ta duba haɓarsa da harshensa, ta tambayi ko yana munshari, ko akwai wanda barcin tiyata ya taɓa ba wa matsala a danginmu. Aka miƙo wa maigidana takardar sa hannu. Ban taɓa katse shi a gaban mutane ba, amma ranar na riƙe bakin rigarsa.

"Likita, don Allah ki gafarce ni," na ce. "Maganin da za ku ba shi, dangin su kodin ne?"

Ta dube ni, ta jawo kujera ta zauna. "Maman Abba, wa aka taɓa miki?"

Na gaya mata komai. Ban yi niyya ba, maganar ce ta zubo. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce tsorona yana da tushe, domin kodin, taramol, mofin, fentanil da fentazosin duk gida ɗaya suka fito ta fuskar aikinsu a jiki. Suna toshe saƙon ciwo, amma kuma suna iya rage wa ƙwaƙwalwa himmar tura mutum ya ja numfashi. Abin da na gani a zaure ke nan. Ta ce jarirai sun fi manya rauni a nan. Kodin da taramol kam ba za su kusanci ɗana ba. Hanta ce ke juya kodin ya koma mofin, wasu mutane kuma hantarsu na yin hakan da saurin da ba a iya sani daga kallon fuska, shi ya sa tun 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 waɗannan biyun.

Sai ta raba min abin da ni a da nake ɗauka abu ɗaya ne. Ta ce barci daban, kashe ciwo daban. Barcin da wata iska ake sa shi, a ɗora masa abin rufe hanci da baki ya shaƙa, sannan a sa masa ƙarin ruwa, a zura bututu a maƙogwaro don numfashi ya bi hanyarsa, jini kuma kada ya gangara huhu. Ana rufe iskar, tana fita daga jiki ta numfashi, ya farka. Ciwo kuwa ana iya tare shi tun daga tushe. Ta kama yatsana ta ɗora a fuskata, ƙasan ido kaɗan, kusa da hanci. Ta ce in danna. "A nan akwai wani ɗan rami a ƙashi. Jijiyar da ke ɗauko ji daga leɓen sama ta nan take fitowa. In na sa allurar kashe wuri a nan, dama da hagu, leɓen zai yi awoyi bai san an taɓa shi ba." Ta ce irin allurar da ake yi wa mai cire haƙori ce, sai dai wannan ta fi daɗewa. A haɗa da farasitamol gwargwadon nauyinsa. Ta ce a aikin leɓe sau da yawa wannan ya wadatar, ba a buɗe akwatin su mofin ko kaɗan.

Na ce to ta yi min alkawari. Ta girgiza kai. "Ba zan yi miki alkawarin da zai ɗaure min hannu ba. In na ga bugun zuciyarsa na nuna yana jin ciwo, zan ba shi abin da ya dace. Abin da zan iya yi miki alkawari shi ne ba zan bar gefensa ba, kuma duk abin da na ba shi zan gaya miki." A lokacin raina ya ɗan sosu. Yau ina ganin wannan ƙin alkawarin ne ya sa na yarda da ita. Na saki rigar maigida, ya sa hannu.

Ta bar mana ƙa'idar azumi: nonon uwa a tsaya awa 4 kafin aiki, madarar gwangwani ko koko awa 6, ruwa zalla awa 2. Ta roƙe ni kada tausayi ya sa in ba shi a ɓoye, domin abin da ke ciki yana iya dawowa ya shiga huhu yana barci. Da asuba yana kuka yana neman cokalinsa, Umma ta goya shi tana zagaya baranda tana masa waƙa, ni kuma na shiga banɗaki na toshe kunne.

Aikin bai kai awa biyu ba. Da aka kira ni ɗakin farfaɗowa, na same shi a kwance ta gefe, idonsa biyu, yana ɗan gurnani irin na yunwa. Leɓen ya haɗe, ɗinki siriri kamar an ja layi da biro. Likitar ta ce, "Ba mu ba shi ko ɗigo na dangin mofin ba." Kafin azahar an ce in gwada ba shi nono a cokali, ya karɓa. An ɗaure masa wasu 'yan ƙarafuna masu laushi a gwiwar hannu don kada ya kai yatsa baki. Daren farko ke nan da na kwana a gefen gadonsa, kuma yawancinsa barci muka yi, ni da shi. Abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba sai yanzu: na yi kewar tsohuwar fuskarsa. Murmushinsa na da faɗi ne da shi, duk fuskar ke buɗewa. Na ɗauki kwanaki kafin na saba da sabon yaron da aka miƙo min.

Na koma gida da ƙarfin gwiwa, har ina gaya wa mata cewa ana yin aikin ba tare da ƙwaya ba. A raina na gama yanke hukunci cewa haka na biyun ma zai kasance.

Yana da wata goma sha uku muka koma. Likitar nan dai muka tarar, ta gane ni. Wannan karon ita ta fara zaunar da ni. Ta ce aikin saman baki ya fi na leɓe nauyi nesa ba kusa ba. Za a ɗago naman ganɗa daga dama da hagu, a jawo shi tsakiya, a gyara tsokar da ke can baya, a ɗinke. Ya fi daɗewa, ya fi zubar da jini, ya fi ciwo. Za a sa wani ƙarfe ya riƙe bakin a buɗe, ya danne harshe tsawon aikin, harshen kuma yana iya kumbura. Ga babban abin: yaron nan tun da aka haife shi da faffaɗar hanya yake numfashi, iska na bi ta baki da hanci yadda ta ga dama. Yau za a rufe masa ita, ga kumburi, ga jini. Dole ya koyi numfashi ta ƙaramar hanya cikin dare ɗaya. Ta ce saboda haka ne suke ƙoƙarin rage dangin mofin a wannan aikin iya yadda za su iya, domin yaron da hanyar numfashinsa ta matse, in aka ƙara masa nauyin barci, hatsari ne. Amma kuma ciwon da aka bari shi ma hatsari ne. Yaro ya yi ta tsala ihu, jini ya ɓalle, ɗinki ya ja, ya ƙi shan ruwa.

Ta lissafa min dabarunta. Allurar kashe jijiya a wannan karon ta gefen fuska za a yi ta, saman ƙashin kunci, don a kai ga babbar jijiyar da ke kula da muƙamuƙin sama gaba ɗaya. Mai ɗinkin zai ƙara wata a cikin naman, haɗe da maganin da ke matse jijiyoyin jini. Farasitamol ta ƙarin ruwa. Wani magani na rage kumburi da amai. Ta ce akwai wasu da ke kwantar da yaro su rage ciwo ba tare da danne numfashi sosai ba, kamar ketamin kaɗan, amma kowanne da nasa halin, wani na rage bugun zuciya, wani na ƙara yawu. Ta ce babu maganin da ba shi da gefe, aikinta shi ne ta haɗa kaɗan daga nan kaɗan daga can don kada a dogara da guda ɗaya. Na rubuta duka a bayan littafin darasina.

Wajen awa uku suka yi. Ya fito fuska a kumbure, jini-jini a hanci da gefen baki, wani zare ya fito daga harshensa an manne shi a kunci da filasta. Na razana. Nas ta ce da gangan aka sa, in harshe ya faɗa baya ya toshe hanya, da shi za a jawo shi. An maƙala masa wani abu mai jan haske a babban yatsan ƙafa, na'urar tana nuna lambar yawan iskar oksijin da ke jininsa, 97, 98, tana ƙara a hankali daidai da bugun zuciyarsa. Likitar ta ce a ciki ta ba shi fentanil ɗan kaɗan lokacin sa bututu, irin mai saurin fita daga jiki. Gabana ya faɗi, amma ga shi a gabana yana numfashi, na yi shiru.

Har isha'i lafiya. Wajen sha ɗayan dare allurar jijiyar ta fara sakinsa.

Na haifi 'ya'ya uku, na san kukan yunwa, na san na rigima, na san na zazzaɓi. Wannan ban taɓa jin irinsa ba. Murya a dishe saboda bututu, jiki a sanƙare, yana banƙarewa yana dukan ƙirjina da ɗaurarrun hannuwansa. An ba shi farasitamol a kan lokaci, an ƙara da wani maganin ciwon da ba ya sa maye. Na goya, na sauke, na yi jijjiga, Umma ta tofa duk addu'ar da ta sani. Na kai masa cokalin ruwa ya kawar da kai. Sai na ga yawun da ke zuba a kafaɗata ya sauya daga ruwan hoda ya koma ja.

Nas ɗin dare ta kira likitan da ke bakin aiki, wani saurayi. Ya haska bakin, ya duba na'ura, ya yi waya da likitarmu. Ya dawo ya ce, "Mama, muna so mu ba shi mofin, ɗan kaɗan, daidai nauyinsa. An ce ki san da shi kafin a ba shi."

Na ce a'a. Na faɗa da ƙarfi har matar gadon kusa ta tashi zaune. Maigidana yana waje, ba a barin maza kwana a ɗakin. Umma ce ta dafa ni. Ita da ta ɗauki ƙanina a cinyarta cikin mota a wancan daren, ita ta ce, "Ke, dubi yaron nan. Wancan shi ya ba kansa, a ɓoye, babu mai kallonsa. Wannan ga mutane tsaye a kansa." Likitan ya ƙara da cewa allura ɗaya ko biyu don ciwon tiyata ba ta mayar da jariri ɗan ƙwaya. Abin tsoron numfashi ne, kuma shi za su tsare. Ya ciro wata 'yar kwalba ya nuna min, ya ce sunanta naloksan, tana warware aikin mofin cikin mintuna in numfashi ya yi ƙasa. Ya ajiye ta a kan teburin gefen gadon inda nake ganinta, kusa da abin ba da iskar oksijin.

Na dubi jinin da ke kafaɗata. Na ce bismillah, ku ba shi.

Na ga yadda aka ɗauko maganin, kuma hoton bai bar ni ba. Babbar nas ce ta ciro makulli daga aljihunta, ta buɗe wani akwatin ƙarfe da ke cikin kabad, ta fito da 'yar kwalba guda. Su biyu suka karanta sunan, suka yi lissafi da nauyin Abba a takarda, suka tsarma da ruwan allura, suka rubuta a wani babban littafi, kowa ya sa hannu. Aka tura shi a hankali ta hanyar ƙarin ruwan. Ƙanina kuwa a bayan wani shago yake karɓar nasa a baƙar leda, ya kora da lemo.

Cikin 'yan mintuna jikin Abba ya saki. Kukan ya koma shessheka, shesshekar ta koma numfashi. Aka kwantar da shi ta gefe. Likitan ya ce in sa ido a ƙirjinsa, in ƙirga sau nawa yake ɗagawa a cikin minti guda cur, in ya gaza 20, ko na ji munshari mai shaƙewa, ko lambar na'ura ta fara sauka, in yi kira da ƙarfi. Nas ma tana zuwa a kai a kai tana nata ƙirgen tana rubutawa. Na ɗora wayata a kan katifa saboda agogo, na tsuguna a ƙasa, haɓata a bakin gado. Ashirin da takwas. Ashirin da shida. Ashirin da bakwai. Rabona da ƙirga numfashin wani tun zauren gidanmu, amma a can shiru nake ƙirgawa. Sau ɗaya na'urar ta yi ƙara, na miƙe da salati, ashe ƙafa ya motsa abin yatsan ya zame. Nas ta gyara, lamba ta koma 97. Ban runtsa ba har aka kira assalatu. Kwalbar da ke kan teburi ba a buɗe ta ba.

Da hantsi ya buɗe ido ya dube ni. Na ɗebo ruwa a cokali na kai gefen bakinsa. Ya haɗiye da ƙyar, ya ɓata fuska, ya sake buɗe baki. Na saba duk abin da na ba shi in riƙe tsumma a ƙasan hancinsa, hannuna ya kai wajen da kansa. Tsumman bai jiƙe ba. Ba a sake ba shi mofin ba. An cire zaren harshen a ranar, bayan kwana uku aka sallame mu da farasitamol da sirinjin awo, da gargaɗin abinci mai ruwa-ruwa na wasu makonni, kuma kada cokali ya shiga can ciki.

Da likitarmu ta zo zagaye kafin mu tafi, na ba ta haƙuri a kan ihun da na yi wa likitan daren nan. Ta ce gara uwa mai tambaya. Na tambaye ta, da za a sake, za ta ba shi tun da wuri? Ta yi ɗan tunani ta ce wasu yaran allurar jijiya da farasitamol na kai su har safe, wasu ba ta kai su, kuma ba ta da hanyar sanin wanne ne wanne sai daren ya zo.

Ƙanina ya zo duba mu a gida da ledar lemon zaƙi. Na ba shi labarin daren, har da akwatin ƙarfe da littafin sa hannu. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Yaya, ni ban taɓa sanin magani ne na gaske ba." Ya ɗauki Abba ya ɗora a kafaɗa, ya fita da shi tsakar gida.

Yanzu Abba na da shekara huɗu. Kunne ya ɗan dame shi, ruwa na taruwa a bayan dodon kunne, abin da aka ce ya zama ruwan dare ga irinsu, muna zuwa ana dubawa. Magana ta zo a hankali. Da farko duk harafin da ke buƙatar a tara iska a baki ta hanci yake fita, in zai ce Baba sai ya ce Mama, sunansa ma Amma yake cewa. Aka koya min wasanni, hura auduga a kan tabarma, hura kumfar sabulu. Wata ranar Juma'a babansa na kan keken ɗinki, ya tambaye shi wasa-wasa, kai wane ne? Ya cika kumatu ya ce, "Abba." Keken ya tsaya.

Saura aiki ɗaya. Akwai giɓi a ƙashin dasashinsa, inda tsagar ta bi, an ce sai ya kai wajen shekara 8 zuwa 11 za a ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugunsa a cike wajen don haƙori ya samu wurin tsira. Za a sake sa shi barci, kuma an gaya min wajen ƙugun yana da ciwo. Littafin darasin nan yana cikin akwatina, na buɗe sabon shafi na fara rubuta abin da zan tambaya.

Matar layin rigakafi kuwa na rubuta mata kwatancen asibitin da ranar da ake ganin irin yaranmu. Kafin mu rabu na kama yatsanta na ɗora a ƙasan idonta, kusa da hanci, na ce ta danna. Ta danna. Sai ta janye mayafin daga fuskar jaririyar, ta ce in nuna mata wajen a fuskar 'yarta.